Guzurin Da Ke Cikin Ƙwayar Iri

  

Yau za mu yi magana a kan abin da kowa ya ajiye a rumbunsa, watau iri. Kowa cikinmu ya taɓa ganin wannan abu. Maƙwabta 2, gonakinsu na jere, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, suka yi shuka rana ɗaya. Bayan kwana 5 gonar wannan ta yi tsiro reras. Gonar wancan kuwa, nan da tsiro, can babu. Dole ya sake neman iri, ya sake shuka. Wanda ya rasa mako 2 a farkon damina, da kaka zai gani a yawan daminsa.

Mu kan ɗora laifin a kan ƙasa, ko tsuntsaye, ko ɓera. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa ɓarnar ta auku a cikin ƙwayar tun ba a fito da ita daga rumbu ba. Don haka bari mu leƙa cikin ƙwaya, mu ga abin da ke ciki.

Abin da ke cikin ƙwaya

Ku jiƙa ƙwayar wake ta kwana. Da safe ku ɓare fatar, za ku ga ta rabu biyu. A tsakanin ɓarin nan biyu akwai wani ɗan abu mai tsini, da 'yan ganyaye ƙanana. Wannan shi ne ɗan tsiro. Yana da rai, barci kawai ya ke yi. Ɓarin nan biyu kuwa guzurinsa ne, wanda uwarsa ta haɗa masa. A ƙwayar dawa ko masara, ɗan tsiron yana gefe guda, sauran ƙwayar duk guzuri ne.

Guzurin iri 3 ne. Akwai gari, akwai mai, akwai furotin. Gari da mai su ke ba da ƙarfi, kamar itace a murhu. Furotin shi ke gina jiki. In an raba wake kashi 4, kusan kashi ɗaya furotin ne. Haka gyaɗa. Waken suya ya fi, nasa ya kusa kashi 40 cikin 100. Dawa da gero da masara kuwa wajen kashi 10 ne cikin 100.

Furotin kamar katanga ya ke, da tubala a ke gina shi. Tubalan nan iri 20 ne, masana na kiransu amino asid. Kowane tubali sai da wani sinadari a cikinsa, sunansa naitirojin. In babu naitirojin babu tubali. In babu tubali babu furotin, in kuwa babu furotin babu tsiro.

Ina a ke samun naitirojin? Iskar nan da mu ke shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ne. Amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Tana nan kamar mai yunwa a gaban rumbun da aka kulle. Daga ƙasa ta ke tsotsarsa, narke cikin ruwa. A ƙasa kuwa kama biyu gare shi, ɗaya a ke kira naitiret, ɗaya amoniya. Kashin dabbobi, da ruɓaɓɓen ganye, da takin zamani irin su yuriya, su ke sa shi cikin ƙasa. In kun ga masara ta tsumbure, ganyenta na ƙasa ya yi rawaya tun tana ƙarama, yawanci yunwar naitirojin ce.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

To, wa ke mai da wannan sinadari ya zama tubali? Wa ke gina katangar, wa ke rushe ta in an bukata? Akwai waɗansu ƙananan abubuwa cikin jikin kowane mai rai masu yin wannan aiki. Masana na kiransu enzayim. Mu a nan za mu kira su ma'aikata.

Kada sunan ya tsorata ku, kun daɗe da sanin aikinsu. In ka daɗe kana tauna gurasa, za ka ji ta fara zaƙi. Wani ma'aikaci ne cikin yawunka ya mai da garin ya zama sukari. In aka nannaɗe nama mai tauri cikin ganyen gwanda, ya kan yi laushi. Wani ma'aikaci ne cikin gwanda ya yayyanka furotin ɗin naman.

Ku riƙe abu 3 game da su. Na farko, kowane da sana'arsa guda, kamar yadda maƙeri ba ya ɗinki, maɗinki ba ya ƙira. Na biyu, ba su aiki sai da ruwa da ɗumi. Na uku, zafi mai tsanani yana lalata su, ba su kuma gyaruwa. Wa ya taɓa ganin soyayyiyar gyaɗa ta tsira?

Su kansu ma'aikatan nan furotin ne, watau da naitirojin aka gina su. Wanda ya fara nuna haka wani malami ne a Jami'ar Cornell ta Amurka, sunansa James Sumner. A 1926 ya tace wani ma'aikaci shi kaɗai tsantsa, daga garin wani wake mai manyan ƙwayoyi. Saboda wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 1946. Za mu sadu da wannan ma'aikaci nan gaba kaɗan.

Yadda uwa ke haɗa guzuri

Bari mu bi naitirojin daga ƙasa har cikin zangarniya. Sunayen ma'aikatan suna da nauyi a baki, don haka za mu ba su laƙabi.

Saiwa ta tsotso naitiret. Shuka ba ta iya gini da shi a haka. Sai waɗansu ma'aikata 2, masu juyi, su karɓa ɗaya bayan ɗaya, su mai da shi amoniya. Sunan na farkon naitiret ridaktes.

Amoniya kuwa kun san ta. Ita ce warin nan mai hawa kai da ke tashi a turken dabbobi. Abinci ce ga shuka, amma in ta taru a jikinta guba ce. Saboda haka akwai ma'aikacin da ke tsaye kullum yana jiranta. Da ta fito sai ya cafke ta, ya ɗaure ta cikin wani tubali mai suna gulutamin. Mu kira shi Mai-kamu. Sunansa na littafi gulutamin sintetes. Yana da abokin aiki, Mai-rabo, wanda ke karɓa daga hannunsa ya miƙa gaba, har a yi sauran tubalan duka. Masana 2, Lea da Miflin, su suka nuna aikin wannan aboki cikin ganyen shuka a 1974, a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila.

Wake da gyaɗa da waken suya suna da wata hanya kuma. Ku tumɓuke wake mai kamar mako 6, ku dubi saiwarsa. Za ku ga waɗansu 'yan ƙuraje a jikinta. Ba cuta ba ce. Ɗakuna ne na waɗansu ƙananan halittu, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Su ke da mabuɗin rumbun nan na iska. Suna da ma'aikacin da ke kama naitirojin na iska ya mai da shi amoniya, ya ba waken. Waken kuma ya biya su da sukari. Hellriegel da Wilfarth su suka tabbatar da wannan a Jamus a 1886. Sai a 1913 aka buɗe masana'anta ta farko, a Jamus ɗin, mai yin amoniya daga iska, da wuta mai tsanani da manyan injuna. Abin da injunan nan ke yi, 'yan halittun nan na yinsa shiru cikin sanyin ƙasa. In kuna so ku san ko suna aiki, ku fasa ƙurji ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, aiki na tafiya.

To, ina shuka ke ajiye naitirojin kafin ta fid da kai? A ganye ta ke ajiyewa, da kara. Koren ganye ma'aji ne. Sa'ad da dawa ta yi bununi, ƙwaya ta fara ido, sai uwa ta fara kwasar dukiyarta tana tura wa 'ya'yanta. Waɗansu ma'aikata, masu yanka, su rushe furotin ɗin ganye, ya koma tubala. Tubalan su bi jijiyoyin kara su hau zangarniya. A can wani ma'aikaci ya kwance kayan, Mai-kamu ya sake cafke duk amoniyar da ta kuɓuce, a gina sabon furotin cikin ƙwaya. A hatsi, wajen rabin naitirojin da ke cikin ƙwaya, ko fiye, daga ganye da kara aka kwaso shi. Shi ya sa ganye ke rawaya sa'ad da hatsi ke nuna. Wannan rawaya ba ta yunwa ba ce. Uwa ce ta ba da abin hannunta.

Daga nan ƙwaya ta bushe. Da ruwa ya ƙare a jikinta sai ma'aikata su daina aiki. Ba su mutu ba, sun kwanta ne.

Kun ga darasi na farko. Wanda ya fige koren ganyen dawa ya kai wa dabbobi tun ƙwaya ba ta cika ba, guzurin 'ya'yan ya kwashe. Haka wanda ya yanke harawa tun wake bai ƙosa ba. Mun san dabbobi ma na bukata. Amma ɓangaren gonar da za ku ɗebi iri, ku bar masa ganyensa. Ku zaɓi iri tun a gona, daga zangarniyar da ta cika ta nuna sosai. Ƙwayar da ta yamushe, guzurinta kaɗan ne.

Ranar da ruwa ya sauka

Ga iri cikin gurbi, ga ruwa ya sauka. Ƙwaya ta sha ta kumbura. Cikin 'yan awoyi ma'aikata sun farka, an kuma fara gina sababbi. A hatsi, ɗan tsiron shi ke aika saƙo cewa a buɗe ma'aji.

Yanzu aikin kaka ne a ke yi, amma a juye. Da can an gina katanga, yau rushe ta a ke yi. Masu yanka su faɗa wa furotin ɗin da aka ajiye, su mai da shi tubala. Waɗansu ma'aikata kuma su mai da gari da mai su zama sukari. Masu yin kunun zaƙi sun san wannan, shi ya sa waɗansunsu ke zuba garin tsiron hatsi don kunu ya yi zaƙi.

Cikin tubalan nan 20 akwai ɗaya mai suna arjinin. Ya fi sauran duka naitirojin, guda 4 gare shi, alhali yawancinsu ɗaya ne. Gyaɗa da wake na ajiye shi da yawa. Wani ma'aikaci ya sare shi, sai ga yuriya ta fito. I, yuriya, irin ta buhun nan da mu ke saye a kasuwa. Ashe kowace ƙwaya na da ɗan takinta a ciki. Sa'an nan wani ma'aikaci, Mai-fasa, ya fasa yuriyar ta zama amoniya. Sunansa na littafi yuriyes, shi ne wanda Sumner ya tace. Da amoniya ta fito, Mai-kamu na nan tsaye. Ya cafke ta, ya ɗaure, a aika wa ɗan tsiro.

Da wannan a ke gina saiwar farko. Ita ke fara fitowa, ta nufi ƙasa. Bayanta kan tsiro ya nufi sama. Duk kwanakin nan na farko tsiro ba ya cin komai sai guzurinsa. Mutanen da sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Sai saiwa ta kafu, ganye ya buɗe ya ga rana, sa'an nan masu juyi su kama aiki sosai, tsiro ya fara ci daga ƙasa.

Kuna iya gani da idonku. Wake ya kan fito da ɓarinsa biyu sama da ƙasa. Ku riƙa dubansu kullum. Za su yi ta yamushewa har su faɗi. Ko ku tono dawa mai mako 2, ku matsa ƙwayar da ke gindinta. Za ku tarar saura fanko, an cinye na ciki.

Ga darasi na biyu. Guzuri na da iyaka. In gurbi ya yi zurfi ƙwarai, guzuri zai ƙare tun tsiro bai ga rana ba, ya mutu a hanya. Ƙwayar gero ƙarama ce, guzurinta kaɗan ne, ba ta son zurfi kamar masara.

Har wa yau akwai dalilin da ya sa a ke son shuka da wuri. A 1958 wani masani mai suna Birch, a Gabashin Afirka, ya nuna cewa in ƙasa ta bushe ta daɗe, sa'an nan ta jiƙe, naitirojin mai yawa ya kan fito a cikinta a lokaci guda. Watau ruwan farkon damina na zuwa da kyauta. In babu saiwar da za ta kama, ruwan da ke biye zai wanke naitiret ya yi ƙasa da shi. Naitiret ɗin nan kuma yana tada 'ya'yan ciyayi da yawa daga barci. In naka tsiron bai fito ba, ciyawa ce za ta ci rabonka.

Abin da ke kashe ma'aikata

Iri na cikin rumbu wata 6 ko 7 kafin shuka. A nan a ke yawan ɓarna. Abokan gabansa 3 ne, laima da zafi da ƙwari.

In iri bai bushe sosai ba, ma'aikata ba su samun barci mai kyau. Ƙwaya ta yi ta cin guzurinta a banza, ga fumfuna. In kuma zafi ya haɗu da laima, ma'aikatan su lalace. Ƙwayar tana nan da kyaun gani, tana tuwo, amma ba ta tsira. Don haka ku shanya iri ya bushe ƙayau. Ku gwada da haƙori, in ya fashe da ƙara, ya bushe. Kada ku shanya shi a kan kwano ko kwalta da tsakar rana. Ku ajiye shi wuri mai sanyi, bisa katako, ba a ƙasa ba, ba kuma dab da rufin kwano ba.

Iri mai maiƙo ya fi saurin mutuwa. Gyaɗar iri a bar ta cikin ɓawonta, kada a ɓare sai shuka ta kusa. Waken suya kuwa, wanda ya wuce shekara a ɗaki mai zafi, kada ku amince da shi sai kun gwada. Ƙwaron da ke huda wake guzurin nan ya ke ci, wani lokaci har ɗan tsiron. Buhun nan mai ruɓi 3, ko jarka mai murfi wadda iska ba ta shiga, suna kashe ƙwarin. Amma sai iri ya bushe tukuna a rufe shi.

Abu na gaba, da zarar saiwa ta leƙo, ba komawa barci. In ƙasa ta bushe a lokacin, tsiro ya mutu. Wannan shi ne hatsarin binne. Yayyafi kaɗan ya tada iri, sa'an nan ruwa ya ɗauke kwana 10, shi ke nan an yi hasara. Waɗansu manoma su kan jiƙa dawa ko gero kamar awa 8, daga dare zuwa asuba, don ma'aikata su farka tun a gida, tsiro ya fito da sauri. Dabara ce mai kyau, amma sai ƙasa ta jiƙe sosai, a kuma shuka a ranar. Jiƙaƙƙen iri ba na binne ba ne.

Na ƙarshe, kada ku zuba yuriya cikin gurbi tare da iri. Yuriyar buhu kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, tana da ƙarfi ƙwarai. Cikin ƙasa ma akwai Mai-fasa, na ƙananan halittun da ke zaune a ciki. Zai fasa yuriyar, amoniya ta yi yawa har ta fi ƙarfin Mai-kamun ɗan tsiro, ta ƙone shi. Ku jira hatsi ya yi mako 2 ko 3. Ku sa takin gefe, nisan faɗin tafin hannu daga gindi, ƙasa na da danshi, ku rufe. In an bar yuriya a fili, amoniyar ta bi iska, kuɗinku ya bi ta. Wake da gyaɗa kuwa ba su bukatar yuriya mai yawa, don suna da masu yi musu. Takin sufa ya fi musu amfani.

Aikin da za mu yi

Ba mai iya gane iri mai rai da ido. Amma akwai gwaji, ba ya cin ko kwabo. Gani ya kori ji.

Kowa ya ɗebo iri daga sama da tsakiya da ƙasan buhunsa, ya gauraya. Ya ƙirga ƙwaya 100, kada ya zaɓi masu kyau kaɗai. Ya jera su layi 10, kowane layi ƙwaya 10, a kan tsumma mai tsabta wanda aka jiƙa aka matse. Ya nannaɗe, ya ajiye a inuwa inda kaji da ɓera ba su kai. Kullum ya yayyafa ruwa, kada tsumman ya bushe, kada kuma ya yi tsamo-tsamo. Bayan kwana 7 ya buɗe. Gyaɗa a ba ta kwana 10. Ya ƙirga waɗanda suka fid da saiwa da kai masu lafiya, ya rubuta a littafinsa: sunan iri, da ranar da ya jiƙa, da yawan waɗanda suka tsira.

In 80 ko fiye suka tsira, irinka na da kyau. In tsakanin 60 da 80 ne, ka ƙara yawan ƙwaya a kowane gurbi. In bai kai 60 ba, wannan na tuwo ne. Ka nemi wani iri tun da sauran lokaci, ko wurin maƙwabcin da nasa ya yi kyau, ko ka tambayi malamin gona. Gara ƙwaya 100 su gaya maka gaskiya a ɗaki, da gona guda ta gaya maka bayan ruwan shuka ya wuce.

Ku yi gwajin nan wata guda kafin damina. Mako mai zuwa kowa ya zo da littafinsa da tsummansa, mu buɗe tare, mu rubuta lissafin kowa a allo. Mu kwana nan. Allah ya ba mu damina mai albarka.